Rana Araha, Dare Tsada: Lissafin Girma, Kuɗi da Dawowar Jarin Wutar Sola a Gidajen Ikara, Maƙarfi da Kudan

Tsakure

Wannan maƙala ta duba tambayoyi uku da magidanci ke yi kafin ya ɗora sola a kan rufinsa: wace iri ce za ta ishe shi, nawa za ta ci, kuma yaushe kuɗin zai dawo. An ɗauki ƙananan hukumomin Ikara, Maƙarfi da Kudan na arewacin Jihar Kaduna a matsayin fagen nazari, aka gina lissafin a kan gidaje uku na misali. Sakamakon ya nuna cewa kaya iri ɗaya, a farashi ɗaya, kan iya mayar da kuɗinsu cikin wata 20 a wani gida, a gidan maƙwabci kuma su doshi shekara 28 ba su mayar ba. Abin da ke raba gidajen biyu shi ne irin wutar da aka maye gurbinta, da kuma lokacin da ake shan wutar, da rana ko da dare.

Gabatarwa

Abubuwa uku ne suka haɗu cikin ƙasa da shekara ɗaya da rabi suka fitar da sola daga sahun kayan alfarma, suka mayar da ita hirar majalisa a garuruwan arewacin Zazzau. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, zuwa Oktoban 2024 kuma ta tsallake 1,000. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki, NERC, ta ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya farashin ya tsaya a 209.50. Na ukun ya zo a Oktoban 2024, lokacin da ɓarnar da aka yi wa layin Shiroro zuwa Kaduna ta haɗu da faɗuwar layin Ugwuaji zuwa Apir, yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu.

A daidai wannan lokaci farantan sola suna ta karyewa a kasuwar duniya, saboda masana'antun Sin, waɗanda ke ƙera fiye da kashi 80 cikin ɗari na kayan, sun cika kasuwa har ta tumbatsa. Cibiyar Ember ta ƙiyasta cewa a cikin wata 12 zuwa Yunin 2025 Nijeriya ta shigo da farantai na sama da megawat 1,700 daga Sin, abin da ya sa ta zama ta biyu a Afirka bayan Afirka ta Kudu.

Sai dai saye daban, iya saye daban. Duk wanda ke shiga gidajen da aka haɗa wa sola ya san wani tsari da ya zama ruwan dare: ƙatuwar inbata mai 5kVA a bangon zaure, batura huɗu a jere, sannan 'yan farantai biyu a kan kwano. Watannin farko komai lafiya. Kafin shekara ta zagayo inbata ta fara kuka tun ƙarfe goma sha ɗaya na dare, maigida ya koma ga janareto yana cewa sola yaudara ce. Laifin na lissafi ne, kuma lissafin bai fi ƙarfin wanda ya gama firamare ba.

Fagen nazari da ranar da ke faɗa masa

Ƙananan hukumomin uku suna tsakanin Zariya da iyakar Jihar Kano, ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Kaduna Electric. Yanki ne na noma. Maƙarfi da Kudan sun yi suna da rake da mazarƙwaila, Ikara da tumatir, har aka kafa mata masana'antar sarrafa shi tun farkon shekarun 1980, ga masara da barkono da albasa ko'ina. Wannan yana da muhimmanci ga lissafi, domin kuɗin yawancin gidaje a dunƙule yake zuwa, da kaka ko lokacin saran rake. Za a dawo kan wannan.

Ta fuskar rana kuwa babu abin kuka. Yankin yana kan digiri 11 arewa da layin Ikwaita, kuma a matsakaici kowace murabba'in mita tana samun hasken da ya kai yunit 5.5 zuwa 6 a rana, kusan ninki biyu na abin da Jamus ke samu. Yunit, kamar yadda mai mitar kati ya sani, shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. Amma matsakaicin shekara ba ya kunna fanka. A watan Maris hasken yana haura 6, a watan Agusta, lokacin marka, yana iya sauka zuwa 4.5. Da wannan ƙaramin adadi ake auna farantai.

Ba duk abin da aka rubuta a bayan faranti ke isowa soket ba. Ana gwada faranti ne a zafin digiri 25, alhali a kan kwanon rufi a wannan yanki da tsakar ranar Afrilu jikinsa kan kai 60 ko fiye, kuma kowane digiri ɗaya na ƙari yana rage kusan kashi 0.35 cikin ɗari na ƙarfinsa. Wannan kaɗai ya cinye kashi 12. Ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu tana cin nata, waya tana cin nata, inbata da batir su ma suna karɓar ladansu. Idan aka tara, abin da ya fi aminci shi ne a ɗauka kashi 70 ne za su iso. Ke nan a rana mafi rauni, kowane wat ɗaya na faranti zai ba da 4.5 sau 0.7, wato wat-awa 3.15. Wannan lamba ita ce ginshiƙin duk abin da zai biyo baya.

Farashin da aka yi aiki da shi a ƙasa an dunƙule shi ne don sauƙin lissafi, kusa da abin da ake ji a shagunan Sabon Garin Zariya da na Kano a 2025, an kuma sa litar fetur a naira 950. Mai karatu ya cire su ya sa farashin ranar da zai saya. Hanyar lissafin ba ta canzawa.

Gida na farko: wanda turakun wuta ba su kai gare shi ba

A ɗauki gidan manomi a wani ƙauye na gundumar Likoro ko Paki ko Gazara. Ƙwan fitila huɗu masu wat 5 na awa biyar, wat-awa 100 ke nan. Wayoyi uku, kowace 15, sun ci 45. Ƙaramar fanka mai wat 20 ta awa takwas, 160. Da rediyo, jimla ta doshi 350. A raba da 3.15, a samu wat 111. Faranti ɗaya mai wat 120 zuwa 150 ya wadatar, tare da ƙaramin batirin litiyam mai ɗaukar wat-awa 400. Ba a buƙatar inbata ko kaɗan. A sa kuɗin duka a naira 200,000.

Me wannan gida ke kashewa yanzu? Idan mai cajin waya na karɓar naira 100 a kan kowace waya, wayoyi uku kullum sun ci 9,000 a wata. A ƙara 2,000 na batiran tocila. Naira 11,000 a wata za ta biya 200,000 cikin wata 18.

Akwai wani abin ban takaici da ke ɓoye a nan. Cajin waya sau 67 ne ke cika yunit ɗaya. A naira ɗari-ɗari, talakan ƙauye yana sayen yunit a kan naira 6,700, ninki 32 na abin da mai gidan bene a rukunin A ke biya yana ƙorafi. Babu wanda ke sayen wuta da tsada a ƙasar nan kamar wanda ba shi da ita, shi ya sa ƙaramar sola ke saurin biyan kanta idan aka kwatanta da kasadar da ke cikinta.

Gida na biyu: inda batir ke cinye rabin kuɗi

Yanzu a shiga cikin garin Maƙarfi, gidan ɗan kasuwa ko babban ma'aikaci. Ƙwan fitila takwas masu wat 9 na awa shida: 432. Fankokin sama uku masu wat 60 na awa goma: 1,800. Talabijin da dikoda, wat 80 na awa biyar: 400. Firij, kimanin 1,200 a yini. Wayoyi da kwamfuta, 200. Jimla yunit 4 da ɗan ɗoriya. Dutsen guga da hitar ruwa da tukunyar lantarki ba sa cikin wannan lissafi, kuma da gangan aka bar su, domin kowannensu shi kaɗai yana jan wat 1,000 ko fiye.

A lura fanka ce ta kwashe kusan rabi. Wannan ya bayyana wani kuskure da yanayin yankin ke jawowa. Kuɗi na shigowa ne a Disamba da Janairu, lokacin da mutane ke lulluɓe da bargo. Mai haɗi ya zo ya tarar babu fankar da ke juyawa, ya auna gidan da buƙatar hunturu, komai ya yi aiki sumul har zuwa Maris. Da bazara ta kama, buƙatar dare ta ninka, kayan su gaza. Wata biyu ne ke gwada sola a wannan yanki, Afrilu yana gwada batir, Agusta yana gwada farantai. Wanda ya auna da Disamba bai auna komai ba.

Farantai: 4,000 a raba da 3.15 ya ba da wat 1,270. Guda uku masu wat 550 za su ba da 1,650, wato yunit 5.2 a ranar marka, sama da 7 a watan Maris. Wannan rara ba asara ba ce, ita ce ke tabbatar da batir ya cika kullum.

Batir kuma da buƙatar dare kawai ake auna shi. Daga faɗuwar rana zuwa hantsi gidan zai sha kimanin yunit 2.9, idan aka ƙara abin da inbata ke ci ya zama 3.2. Batirin litiyam na jure a sauke masa kashi 80 kowane dare, saboda haka ana buƙatar mai yunit 4. Wanda ya fi kusa a kasuwa shi ne mai 5. Batirin ruwa, wanda masu haɗi ke kira tubula, rabinsa kawai ake taɓawa idan ana son ya yi ƙarko. Guda ɗaya mai bolt 12 da amfiya 220 yana ɗauke da yunit 2.64, ke nan ana buƙatar yunit 6.4, kuma tunda bibbiyu ake jera su a tsarin bolt 24, sai an sayi huɗu. Yawancin mutane biyu suke saya. Biyun nan za a riƙa sauke musu fiye da kashi 60 kowane dare, a cikin ɗakin da zafinsa ke wuce digiri 35 da bazara, alhali ƙa'idar da masu ƙera batirin dalma suka sani ita ce duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana rage rabin rayuwarsa.

Batir randa ce, farantai su ne mai ga-ruwa. Wanda ya jera randuna huɗu ya ɗauki mai kawo jarka biyu a yini ba zai taɓa ganin randa cike ba. Bambancin kawai shi ne batirin dalma da ke kwana da yunwa yana lalacewa daga ciki, farin gishiri ya daskare a kan farantan dalmarsa, kuma ba ya warkewa. Wannan ne ya kashe batura huɗun da aka ambata a gabatarwa.

Inbata ita ce aka fi zuzutawa, ita ce kuma mafi sauƙin aunawa. Idan aka kunna komai na gidan nan lokaci guda bai wuce wat 550 ba. Firij na fizgar ninki huɗu ko biyar na ƙarfinsa a daƙiƙar tashi, don haka 1.5 zuwa 2kVA ta isa. An sa mai 3kVA a lissafin ne saboda ita aka fi samu da ta dace da batirin, kuma tana barin ƙofa a buɗe ga famfo nan gaba. Girman inbata ba ya ƙara ko yunit ɗaya a wutar gida. Hasali ma babba ta fi ƙarama cin wuta tana zaune.

Ga kuɗin: farantai uku a kan 130,000 kowane, 390,000. Inbata mai haɗe da kwantirola, 400,000. Batirin litiyam, 1,200,000. Waya da fis da ƙarafan ɗauri da sandar kariya daga tsawa, 250,000. Kuɗin aiki da mota, 160,000. Jimla naira miliyan 2.4. Farantan da kowa ke hange daga titi kashi 16 ne kacal na kuɗin, batirin da ke ɓoye a lungu shi ne rabi cif.

Tubula huɗu a kan 280,000 kowane sun kama 1,120,000, kusan kuɗin litiyam ɗin. Amma a irin zafin nan shekara uku ce rabonsu, wato cikin shekara goma sai an saye su aƙalla sau uku, yayin da masu ƙera litiyam ke alkawarin caji da saukewa sau 4,000 zuwa 6,000. Ko da alkawarin ya cika rabi da kwata ne kawai, an ci riba. Tubula biyu a 560,000 ne ke jan hankali, kuma a nan ne maganar araha ba ta ado ke tabbata.

Kafin a biya kuɗin batir akwai wata hanya ta rage shi. Fankokin zamani masu cin wat 25 za su rage wat-awa 840 daga buƙatar dare, batirin da ake nema ya sauko daga yunit 4 zuwa ƙasa da 3. A farashin da ke sama, kowane yunit na litiyam naira 240,000 ne. Sau da yawa sauya fanka ya fi ƙara batir sauƙi.

Yaushe kuɗin zai dawo?

Manhajojin lissafin sola da ke yawo a intanet an gina yawancinsu ne don ƙasashen da kamfanin wuta ke sayen rarar mai gida. A Jamus doka ta tilasta hakan tun shekarar 2000, da farashi tsayayye na shekara 20. Gidan Ikara ba ya sayar wa kowa rara, kuma shi ke sayen rumbun ajiyarsa da kansa. Saboda haka tambayar da ta dace a nan ita ce: wane kashe kuɗi ne zai tsaya ranar da aka kunna sola?

Idan gidan yana tayar da janareto kowane dare na awa biyar, yana ƙona lita huɗu, naira 3,800 ke nan a dare, 114,000 a wata. Da baƙin mai da kuɗin makaniki a ce 120,000. Miliyan 2.4 za ta dawo cikin wata 20. Kuma a cikin awa biyar ɗin yunit 2.5 kawai gidan ya sha, wato kowane yunit ya tsaya masa a kan fiye da naira 1,500, saboda inji mai 2.5kVA da ke ɗauke da nauyin wat 500 yawancin mansa zafi da hayaƙi yake zama.

Idan kuwa dare 15 ne kawai a wata ake tayar da injin, na awa uku-uku, kashe kuɗin bai wuce 38,000 ba. Dawowar jari ta koma wata 63, sama da shekara biyar.

Gidan da ba shi da janareto, wutar kamfani kawai yake jira, lissafinsa ya fi ban mamaki. Yunit 120 a wata a farashin rukunin A naira 25,140 ne, jari zai dawo cikin kusan shekara takwas. A ƙananan rukunai, inda yunit ke wajen naira 60, kuɗin wata 7,200 ne, sai an yi wata 333, kusan shekara 28, batir da inbata sun daɗe da mutuwa. Ga irin wannan gida sola ba jari ba ce. Sayen barci ne da bazara, da karatun yara da dare, da maganin da ba ya lalacewa a firij. Waɗannan abubuwa ne masu daraja, kuma mutum na da 'yancin sayensu, sai dai bai kamata mai sayarwa ya kira su riba ba.

Idan aka shimfiɗa kuɗin a kan shekara goma, aka ƙara sauya inbata sau ɗaya da ƙananan gyare-gyare, jimla ta kai miliyan 3. Yunit 4 a rana na shekara goma 14,600 ne. Kowane yunit ya kama naira 205, kafaɗa da kafaɗa da farashin rukunin A, kashi ɗaya cikin bakwai na farashin janareto.

Gida na uku: mai sana'ar rana

A nan ne sola ke nuna ainihin arharta. A ɗauki wancan gida na biyu, uwargida tana da firiza ta ƙanƙara da zoɓo da kunun aya, ko kuma akwai burtsatse da ake sayar da ruwa. Famfo mai ƙarfin doki ɗaya yana jan kimanin wat 1,000. Awa biyu sun cika tanki da yunit 2. Ƙarin farantai biyu da kayan ɗaurinsu, a ce 320,000, za su ba da yunit 3.5 ko a watan Agusta, ba tare da an ƙara batir ba, muddin tsakanin hantsi da la'asar ake aikin. Janareton da aka ɗora wa nauyi daidai yana ba da kimanin yunit 1.3 a lita, wato naira 730 kowane yunit. Farantan biyu suna ceton kusan 2,550 a rana, su biya kansu cikin kwana 125.

A shekara goma, yunit ɗin da aka sha kai tsaye da rana bai wuce naira 25 ba. Wanda aka ajiye a batir aka sha da dare sai an ƙara masa fiye da naira 100 ta ajiya. Ninki biyar ke tsakaninsu. Duk aikin da za a iya jawowa daga dare zuwa rana, guga ne, niƙa ne, cika tanki ne, daskarar da ƙanƙara ce, jawo shi riba ce tsantsa. Firizar da ta daskare da rana tana riƙe sanyinta har asuba ko an kashe ta. A 'yan shekarun da azumi ya faɗo cikin Maris da Afrilu, masu ƙanƙara sun san abin da hakan ke nufi. Manoman rani da suka koma famfon sola a fadamu bayan janye tallafi sun riga kowa gane wannan, tunda su ba su sayen batir sam.

Bashi da lokacin biya

Duk lissafin baya an yi shi ne kamar kuɗi a hannu suke. Da bashin banki labari ya canza. Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 a Nuwamban 2024, don haka kashi 30 ga ɗan kasuwa ba abin mamaki ba ne. Kashi 30 na miliyan 2.4 naira 60,000 ne a wata. Gidan da ke ceton 120,000 zai gama biya cikin wata 28 a maimakon 20. Gidan da ke ceton 38,000 kuwa ko kuɗin ruwan ba zai iya rufewa ba, bashin ƙaruwa zai riƙa yi. Ban da wannan, jama'ar yankin da yawa ba sa kusantar bashi mai ruwa saboda addini, abin da ya sa cinikin murabaha irin na bankunan Jaiz da TAJ, da adashi, da asusun ƙungiyoyin manoma suka fi dacewa.

Kamfanonin da ke ba da sola a biya kaɗan-kaɗan sun fi son biyan wata-wata, tsarin da aka yanka wa mai albashi. Manomin rake a Kudan yana iya biyan rabin kuɗi a dunƙule a watan Janairu, amma a watan Yuli duk abin da ke hannunsa ya tafi ga taki da 'yan ƙwadago. Idan aka datse masa wuta a Yuli saboda ya gaza biya, ba rashin gaskiya ba ne, kalandar ce ba tasa ba. Shirin DARES na dala miliyan 750 da Bankin Duniya ya amince da shi a Disamban 2023, wanda Hukumar Samar da Wuta a Karkara ke gudanarwa, yana tallafa wa kamfanonin ƙananan sola. Ya dace a nemi waɗanda ke cin wannan tallafi su fito da tsarin biya na kaka-kaka ga yankuna irin waɗannan.

Rufi, ƙura da mai haɗi

Faranti mai wat 550 ya haura mita biyu a tsawo, nauyinsa kusan kilo 28. Uku za su ci murabba'in mita takwas. A fuskantar da su kudu, a karkace da digiri 10 zuwa 15 don ruwan sama ya wanke su. Daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Agusta rana tana bi ta ɗan arewa da tsakar ka, shi ya sa ba a son karkata mai yawa. A bar tazarar iska tsakaninsu da kwano, a ɗaure su a jikin katakon rufi, domin iskar farkon damina da ke yaye rufi ba za ta ƙyale farantin da aka ɗaure da waya ba. Gidan soro kada a huda shi, a kafa ƙarfe a tsakar gida. Inuwar reshe ɗaya na darbejiya tana iya raunana dukkan farantan da ke jere a layi guda. Da hunturu a wanke su da ruwa da tsumma mai laushi duk mako, da sassafe kafin gilashi ya ɗau zafi.

Farantan jabu kuwa awon tela ke tona su. Faranti na zamani yana ba da wat 200 zuwa 220 a kowace murabba'in mita. Wanda bai wuce mita ɗaya ba aka rubuta masa wat 350, takardar ce ke magana.

Yankin yana da makarantun da za su iya horar da masu haɗi su kuma riƙa gwada kaya kafin a biya, daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli da Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya zuwa reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Maƙarfi. Maƙalar na kira ga ƙananan hukumomin uku su haɗa kai da su a kan gajeren horo da rajistar masu haɗi da jama'a za su iya dubawa. Kafin wannan ya samu, magidanci na iya kare kansa. Kada ya ba da kafin alƙalami sai mai haɗi ya rubuta masa lambobi uku a takarda: yunit nawa gidan ke sha a yinin Afrilu, nawa daga ciki ne na dare, kuma yunit nawa farantan za su kawo a ranar marka. Wanda ya kasa rubuta su, a nemi wani.